Waye Ya Faɗa Wa Noeline?

"Ashe makantar nan ta wajen mata take bin danginku, 'yata?"

Cokali ya suɓuce daga hannun Tahlia.

Noeline, uwar saurayinta Fergus, ta ci gaba da juya naman rago a kan wutar gashi a bayan gidanta da ke garin Geelong, kamar farashin tumatir ta tambaya. A gefenta Simone ce zaune, tsohuwar budurwar Fergus, wadda aka gayyato ba tare da an gaya wa kowa ba. Simone tana ta murmushi, ta kare baki da kofinta.

Tahlia ta dubi Fergus. Ya sunkuyar da kai.

Shekarar da Kieran, ƙanin Tahlia, ya shiga jami'a idanunsa suka dushe, ɗaya bayan ɗaya. Likitoci suka ce matsalar tana cikin wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ke ba ƙwayoyin jiki ƙarfi, ana ce musu mitokondiriya. Suna da nasu gadon daban, kuma daga uwa kaɗai ake samunsu. Aka gwada Tahlia, aka ga tana ɗauke da shi. Ita lafiyarta ƙalau, amma duk ɗan da za ta haifa zai gada.

Bayan 'yan gidansu, Fergus kaɗai ta gaya wa.

A mota ta tambaye shi, ya rantse bai buɗe baki ba. Ta ce to aljani ne ya kai labarin kenan? Ya ci gaba da tuƙinsa, hakan ya ƙara ƙona mata rai.

Daga ranar komai nasa ya zame mata abin zargi. Ya kife waya a kan tebur, ta lura. Ya ce aiki ya kai shi Melbourne, alhali gyaran jiragen ruwa yake yi, kuma jiragen suna nan bakin ruwan Geelong. Ranar Laraba da yamma ta ga motarsa a ƙofar gidan Simone. Ba ta tsaya ba. Ta cire zoben baikonsu ta aika masa da shi wurin aiki, ta toshe lambarsa.

Ta koma gidan uwarta Glenys tana kuka, tana zayyana irin cin amanar da aka yi mata. Glenys tana wanke kwanoni, ta daɗe tana goge faranti ɗaya.

"Ni ce na je wurin Noeline," ta ce a hankali.

"Mama..."

"Ni ban san ina ɗauke da shi ba sai da ɗana ya daina ganin fuskata. Na ce kada wata rana su ce mun ɓoye musu, su wulaƙanta min ke. Ban zaci a gaban mutane za ta faɗa ba."

Tahlia ta zauna a ƙasan kicin ɗin.

Da safe ta sami Fergus a ƙarƙashin wani jirgi, hannunsa duk baƙin mai. Bai tashi ba. Da ta tambaye shi zancen Simone, ya ce ya je ne ya gargaɗe ta, don ita ke zuga uwarsa, har tana cewa ita jininta tsaf yake. Melbourne kuwa asibiti yake zuwa. Akwai sabuwar hanya da ake gwadawa, a ɗauki gadon uwa da uba a sa cikin ƙwan wata mace mai lafiyayyun mitokondiriya. Layin masu jira yana da tsawo, ba tabbas, shi ya sa bai so ya sa mata rai ba tukuna.

"Me ya sa ka sunkuyar da kai ranar?"

"Kunyar uwata ce ta kama ni, Tali." Ya goge hannunsa ya dube ta. "Ciwon bai taɓa ba ni tsoro ba. Abin da ya ba ni tsoro, na rantse miki, kika zaɓi ki yarda da kifaffiyar waya."

Hawaye suka zubo mata. Ta ba shi haƙuri, ta ce tun ranar gwajin take jiran ya gudu, shi ya sa ta riga shi.

"In ba a dace ba fa, masoyi? In ba mu haihu ba?"

"Sai mu tsufa mu biyu, kina min masifa."

Ya ciro zoben daga aljihun rigar aikinsa, ya sa mata, man ya ɓata mata yatsa.

Aka ɗaura auren a watan Afrilu. Noeline ta zo a makare ta zauna can baya, fuska a ɗaure. Da aka zo ɗaukar hoto Glenys ta tsaya nesa, ta kasa matsowa. Noeline ta daɗe tana kallonta, sannan ta taka ta kamo hannunta.

"Zo mu tsaya," ta ce. "Ke dai ba ki ɓoye min gaskiya ba."