Ranar Haɗa Kimci a Gidan Inna Malsun

Boram na tsaye a falo tana goge farar rigarta, hawaye na ɗiga a kai, ita kuma tana bin su da dutsen guga. Ta sha wuyar karatu har ta kai digiri na uku, yau jami'a ta kira ta intabiyun aikin koyarwa, sai ranar ta faɗo daidai da ranar haɗa kimci a gidan uwar mijinta, Inna Malsun.

Ranar kuwa ba ta wasa ba ce. Da sanyi ya kawo kai, matan dangi da maƙwabta kan taru su cusa wa kabeji yaji, shi ne kimci, na cin shekara guda. Surukar da ba a ga ƙeyarta ba ta shiga bakin ƙauye ke nan. Inna Malsun ma ta gama magana a waya: "Ko ki zo, ko ki zauna da bokonki, kada in ƙara ganin ƙafarki a gidana!"

Mijinta Gitae ya leƙo yana murmushi. "Haba Dokta, wanki kike yi ko guga?"

"Gitae, ka bari, ba na son wasa."

"Sori. Ki tafi intabiyunki, ni zan je wa Inna."

"Kai? Kai da ko ƙwai ba ka iya soyawa!"

"Yau zan koya. Ban aure ki don ki rufe digirinki a akwati ba." Ya share mata hawaye, ya ɗauki makullin mota ya fice.

Da Boram ta isa tashar mota, sai zuciyarta ta karye. Gitae shi kaɗai ne ɗan Inna, kuma tana son sa son da ba za ta iya kallon sa yana zaɓe tsakaninta da mahaifiyarsa ba. Motar jami'a ta zo ta wuce tana kallo. Ta hau ta ƙauye, tana kuka ƙasa-ƙasa.

Ta tarar da tsakar gida cike da tulin kabeji, mata sun kewaye bahuna. Ga Gitae a tsakiyarsu, safar roba har gwiwar hannu, barkono har a hanci, sai tsiya suke masa. Inna Malsun kuwa fuska a murtuke.

Boram ta rusuna. "Inna, na zo."

"Boram!" Gitae ya miƙe zumbur. "Me kika yi haka?"

Ba ta dube shi ba, ta kai hannu ta ɗauki safa.

"Yauwa, ta dawo hayyacinta!" in ji maƙwabciyarsu, Uwar Dongsu. "Dama me mace za ta yi da tulin digiri? Su ƙwace wa samarinmu aiki, su ƙi haihuwa! Malsun, ni dai na tausaya miki. Kin yi asarar suruka, ga ɗanki ya zama mijin-ta-ce."

To, Inna Malsun irin matan nan ce da ke yi wa nasu faɗa daga safe har yamma, amma bare bai isa ya taya su ba. Ta dubi surukarta, ido ya kumbura, ga safa a hannu. Ta juya a hankali.

"Uwar Dongsu, surukar wa kike faɗa wa haka? A gidana, hannunki cikin barkonona?"

"Af! Ba ke kika ce..."

"Ni na ce, don tawa ce! Duk ƙauyen nan wa ya taɓa kawo suruka Dokta? Yarinya ta bar aikin da ake rububi ta zo min, ke kina nan kina zuba!"

Ta fizge safar daga hannun Boram. "Ajiye! Da farar riga za ki taɓa yaji?" Sai ta yago ganye mai taushi, ta naɗe yaji a ciki. Loma ta farko ke nan, wadda uwar gida ke sa wa a bakin wanda ta fi ji da shi.

"Buɗe baki. Gishiri ya ji?"

"Ya ji, Inna," Boram ta ce, kuka da dariya sun haɗe mata.

"To kin yi aikinki na bana. Kai kuma ka tsaya kamar turke? Ɗauko mota ka kai ta!"

"Inna, ai zan shiga ina warin tafarnuwa..." in ji Boram.

"Su sani daga gidan mutunci kika fito! Kuma ki tabbata kin samo aikin nan, in ba haka ba matar nan ba za ta bar ni in sha ruwa ba!"

Da ƙyar suka isa a kan lokaci, aikin kuma ta samu. Boram ba da gardama ta yi nasara ba: ta zo ne a shirye ta rasa abin da ta fi so saboda zumunci, sai zumuncin ya ƙi karɓa. Karatu ba ya raba mace da gidanta, sai dai in gidan ne ya rufe mata ƙofa.