Tukwanen Tsohuwa a Gonar Shayi

A wani tudu mai sanyi, an yi wata tsohuwa da maƙwabcinta, kowa da gonarsa ta shayi. Da ƙwari suka far wa ganyen, tsohuwa ta jera tukwane a kan iyaka.

Maƙwabcin ya ce a ransa, "Asiri ne! Ƙwarinta take koro mini."

Yau ya leƙo, gobe ya leƙo. Rana ta uku ya sa sanda ya fasa tukunya ɗaya. Sai ƙamshin furen lemo ya tashi, ga ƙwari jingim sun manne a danƙo.

Tsohuwa ta ƙaraso, ta ce, "Ɗan nan, ƙamshin ke kiransu, danƙon ya riƙe su. Wadda ka fasa kuwa, gonarka take tsaro."

Ya yar da sandar, ya durƙusa yana tsince tsingaro.