Kalmar da Hadiyya Ta Goge

A laburaren makarantarsu ta koyon aikin jinya a Daura Hadiyya ta fara ganin Nu'uman, mai kula da kwamfutoci. Ta zuba wa injin bincike jimla guda sukutum, ya watso mata takardu kamar ƙasa, ta yi tagumi. Ya matso yana murmushi, ya nuna mata cewa AND na haɗa kalmomi, OR na faɗaɗa nema, NOT kuma na korar abin da ba a so. Ta gane tun ranar, amma kullum sai ta dawo wai ta manta.

Da maganar aurensu ta kai gida, Iya, mahaifiyarta, ta samu labarin Nu'uman yana da farfaɗiya. Ta ce atafau, ciwon ana ɗauka, kuma ba za ta goyi jikoki masu faɗuwa ba, ga Mansur ɗan ƙanwarta lafiyarsa lau.

Hadiyya ta shiga neman hujja. Ta rubuta epilepsy AND marriage NOT risk, wato farfaɗiya da aure, amma a ɓoye mata duk takardar da ta ambaci haɗari. Sakamakon ya yi daɗi, ta tura wa Nu'uman hoton sakamakon da murna.

Amsarsa ta zo: "Zinariyata, goge NOT ɗin nan. Ki karanta har wanda zai sa ki bar ni. Ba na son ki aure ni da rabin labari."

Ranta ya ɓaci, ta daina ɗaga wayarsa, don tsoro take ji ƙwarai. Daga baya ta goge, ta karanta tana hawaye. Ba a ɗaukar ciwon, magani na danne shi ga mutane da yawa, amma wani nau'in kan bi jini.

Ta zayyana wa Iya duka, mai daɗi da marar daɗi. Iya ta tambayi wanda ya sa ta tono marar daɗin.

"Shi ne, Iya."

Tsohuwar ta ce, "Wanda bai ɓoye miki wannan ba, me kuma zai ɓoye miki?"

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura auren. Da ango ya zo gaisuwa, Iya ta aika masa da fura a kwanon shanta, wanda ko maigidan ba ya taɓawa. Daga bayan labule ta ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya. Ango ya rage mini furar, zan sha."