Radiyya da Karatun Waya

"Wato dai so kake in tafi Sakkwato shekara huɗu, ka huta da ganina..." Radiyya ta faɗa tana murɗa bakin mayafinta.

Is'haƙa ya jingine babur ɗinsa a bakin zaure yana murmushi. Tun daga Sabon Birni ya taso zuwa Isa don ya ganta, ga shi ko gaisuwa ba su gama ba.

"Haba abar ƙaunata, ni da ke ƙirga kwanakin aurenmu? Cewa na yi karatun kiwon dabbobi ba a koyonshi a waya. Ni sai da na zauna jami'a, na taɓa dabba da hannuna."

"Ni kuma malamaina na nan cikin wayar, in ban gane ba sai in maido darasin baya. Kai naka malamin ka taɓa maido shi baya?"

Ya yi dariya, ita kuwa ta ɗaure fuska.

Gaskiyar ita ce Radiyya ta samu gurbi a Sakkwato, ta ƙi tafiya. Inna, mahaifiyarta, na fama da ciwon gwiwa, kuma ita kaɗai ta rage a gabanta. Shi ya sa ta shiga karatu ta intanet, tana girki tana sauraren lacca.

"Ba za ni bar Inna ba, Yaya Is'haƙa. In sai mai digirin aji kake so, ga hanya nan..."

Bai kai ga amsawa ba suka ji muryar Inna daga tsakar gida.

"Radiyya, zo ki duba tunkiyar nan, tun hantsi take naƙuda ba ta sauka ba."

Suka shiga tare. Da kallo ɗaya Radiyya ta gane matsalar.

"Ɗan ya zo da kai ne, ƙafafunshi na baya. Makon jiya muka yi wannan. Sai an mai da kan ciki a hankali, a lalubo ƙafafun."

Is'haƙa ya dube ta da mamaki, don shi kansa sai da ta faɗa ya tuna.

"To bismilla, likita."

Ta wanke hannu da sabulu, ta durƙusa. Sai dai tana taɓa tunkiyar, dabbar ta yi wani nishi, sai Radiyya ta janye hannunta. A bidiyo babu wannan ɗumin, babu wannan numfashin. Hawaye suka cika mata ido.

"Ba ni iyawa... za ta mutu a hannuna."

"Kina iyawa," ya ce a hankali, yana riƙe tunkiyar. "Jira ta daina yunƙuri. Yanzu, tura. Kin ji wani abu mai tauri? Gwiwa ce, lanƙwaso ta."

Ta bi maganarsa, ta rufe ido tana tuno hoton darasin. Can sai ga ɗan rago ya sulɓo, ya yi atishawa a kan buhu.

Inna ta yi hamdala, ta dube su tana dariya.

"Ina jin gardamarku tun ɗazu. Ita ta san abin da za a yi ba ta iya yi, kai ka iya yi ka manta. Ni dai a ɗaura auren nan in huta."

Radiyya ta rufe fuska da gwiwar hannu don kunya.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura. Is'haƙa ya nemi a maido shi aiki Isa, suka tare a gida na uku daga na Inna. Da lokacin aikin hannu na mako uku da karatunta ya tanada a Sakkwato ya zo, wanda a da Radiyya ta yi niyyar ƙin zuwa, ƙanwarsa Zulaiha ta zo ta zauna da Inna, shi kuma ya raka ta tashar motar Sakkwato.

Motar ba ta wuce awa guda da tashi ba wayarta ta yi ƙara.

"Har ka fara kewata, angona?"

"Na fara..." in ji Is'haƙa. "Amma ba shi ne ba. Na yi rajistar wani kwas na intanet a ɓoye, yau ake rufe karɓar aiki. Don Allah amarya, ina ake latsawa a tura?"

Radiyya ta yi dariya har matar da ke kusa da ita ta waigo.

"Gyara zama, ɗalibi. Za ni koya maka tun daga farko."