Ƙadangaren Korgom

Rahina na laɓe a bayan zana, ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige.

A zaure mahaifinta, Malam Hamani, na ba da labarin raƙumansa na dā. Sufyan kuwa, saurayinta da ya dawo daga koyon noma a Japon, sai gyaɗa kai yake.

"Un... un... hai... un..."

Malam ya tsaya cak.

"Ina magana kana mini gurnani? Tashi. Ba ni ba marar kunya ɗiyata."

Wani Rabilu, wanda ya daɗe yana son Rahina, ya yayata zancen. Nan da nan mutanen garin Korgom suka laƙaba wa Sufyan suna Ƙadangare.

A bakin rijiya 'yan mata suka kwaikwaye shi. Rahina ta taya su dariya... tana juyawa ta gan shi tsaye da babur ɗinsa.

Da marece ta aika ya zo. Ta kasa ɗaga ido.

"Ka yafe mini, masoyina..."

"Ni ma kunyar nake ji, Rahina. Da na je can, in babba na magana sai in sunkuyar da kai in yi shiru, yadda aka hore mu. Suka ɗauka ba ni saurare, suka daina yi mini zance. Wata tsohuwa ta koya mini. A wajensu hira kamar lugude ce, mai faɗi ya buga, mai ji ya buga. Girmama Baba nake."

Hawaye suka zubo mata.

"Ka dawo gobe. Ka yi shiru, don Allah."

Ya dawo, ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya kafe ido a tabarma.

Malam ya huce, har ya ɗauko labarin raƙuman nan da 'ya'yansa ke gudu. Ya kai wurin da amalensa, babban raƙuminsa, ya ɓace cikin yashi, ya dakata.

Shiru.

Ya ci gaba kaɗan, ya sake dakatawa.

"Kai, kana ji na kuwa?"

"Ina ji, Baba."

"To ina ƙadangaren? Rabona da mai bi na cikin labarin nan tun rasuwar uwar Rahina."

Sufyan ya ɗago a tsorace.

"Un..."

"Yawwa. Bari mu nemo amalen tukuna, sannan ka turo magabatanka."

A bayan zana Rahina ta rufe fuska da gyale, kanta na gyaɗawa ba ta sani ba.