Wa Ya Ce A Ba Ta Madara?

A ƙofar ɗakin da aka kwantar da mahaifiyarta, a wani asibiti na Kurudu, Juwairiyya ta fara ganin Dakta Zaid. Ya ɗago, ta sunkuyar da kai, zuciya kuwa ta riga ta yi ɓarna.

Ciwon haƙori ne ya sa Umma ta yi ta haɗiyar farasitamol bibbiyu kwana uku, ta haɗa da maganin mura. Shawara ta rabu. Wani likita ya ce a ba ta madara ta huta, wani ya ce a jira gwajin jini. Kafin a farga idonta ya yi ɗorawa, hanta ta taɓu. Da ƙyar aka ceto ta.

Kullum sai Zaid ya turo saƙo: "Juwai tawa, ya jikin Umma? Ke fa, kin ci abinci?"

Sai Dakta Manniru, ɗan wan babanta da ya daɗe yana sonta, ya raɗa mata: "Wannan mai miki murmushin, shi ya ce a ba Umma madara."

Ranta ya yi baƙi ƙirin. Ba ta yi kuka ba, ta dai rantse sai Zaid ya ɗanɗana kuɗarsa. Ta ƙara masa zuma a murya, har ya turo manyansa. Ranar nan ta fito gabansu ta ce, "Ba na auren wanda ya kusa kashe uwata." Baba ya ɗora da cewa kada ya ƙara taka masa gida.

Da yamma saƙo ya shigo: "Juwai, ra'ayin likitoci kan bambanta, amma ni cewa na yi a sa mata ruwan makari nan take. Tambayi Umma. Har yanzu ina sonki."

Da ta tambaye ta, Umma ta riƙe baki. "Yaron nan ai shi ya yi ta faɗa sai an sa min ruwa. Madara kuwa Manniru ne ya faɗa min a waya, na rufa masa asiri don zumunci."

Juwairiyya ta yi kuka har muryarta ta dushe, sannan ta kira Zaid. "Ka yafe min, masoyina."

"Na yafe tun kafin ki tambaya."

Ita fa ba ta yafe wa Manniru ba. Da Baba ya ji gaskiya ya amince da auren, ta durƙusa gabansa ta roƙi abu ɗaya: Manniru ya zama wakilin amarya.

Ranar Asabar, a masallacin unguwa, liman ya tambaya ko an ba Zaid auren Juwairiyya. Manniru ya amsa ƙasa-ƙasa.

"Na ba shi."

Baba ya ce, "Ɗaga murya, ba mu ji ba."

Sai da ya faɗa sau uku, sannan aka shafa fatiha, jama'a na ta Allah ya ba da zaman lafiya.