Kaso Na Huɗu

Tun la'asar Ashafa ke fama da saba, wato babbar kwamfutar wani kamfanin magunguna, a wani tsohon gida da ke Ƙofar Mazugal. Aikin ba wuya: ya raba na'urar gida uku, na akanta, na sito da na ciniki, kowa da memorinsa na ajiyar bayanai, kafin gari ya waye, in ba haka ba kwangilar ta suɓuce masa. Amma duk sanda ya gama, sai kaso na huɗu ya ɓullo, ba suna, ya kwashe rabin memorin. In ya goge, ya dawo.

Ana kiran magariba ya ja tsaki, ya sake kai hannu zai goge. Sai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin da ko taga babu.

"Bar shi, ɗana."

Wani tsoho ne tsugune a gefen na'urar, ya dafa ƙarfen.

"Baba, don Allah fita, aiki nake. Wa ya bar ka ka shigo?"

"Da aka raba gadon gidan nan, wannan ɗakin aka bar mana a rufe. Haka kakannin magadan ma suka yi. Kun zo kun jibge ƙarafa, ko sallama babu. Yanzu kuma kana rabo, ba ka cire namu ba."

Ashafa ya juya a fusace zai nuna masa ƙofa. A kulle take, kuma zanen yatsansa kaɗai ke buɗe ta. A gilashin ƙofar fuskarsa kawai yake gani, alhali numfashin tsohon na sauka a ƙeyarsa.